Ƙwarin Gidan Dare da Taswirar da Ba a Zana Ba

Idan ruwan sama na kirki ya fara sauka a Sakkwato, galibi cikin watan Yuni, duk mazaunin Gidan Dare ya san abin da zai biyo baya. Da almuru sai shinge ya taso daga ƙasa ya yi wa kowace fitila lema, ta ƙofar masallaci da ta mai shayi da ta mai cajin waya. Yara su fito da kwanonin ruwa su girke a ƙarƙashin haske, kwaɗi da tsaka su yi dako a gefe, da safe kaji su tsince abin da ya saura. Kwana biyu ko uku abin ya wuce, sai kuma baɗi. Idan aka tambayi dattawan unguwa za su faɗi ko fitowar bana ta kai ta bara, ko ta yi sauri ko ta makara, har su nuna inda suri yake a da kafin a baje wurin a aza harsashin gini. Abin da suke faɗa ya ƙunshi amsar tambayoyi huɗu: wane ƙwaro ne, a ina aka gan shi, yaushe, kuma yaya yawansa. Da amsar waɗannan tambayoyi ake zana taswirar yaɗuwar halittu a ko'ina cikin duniya. Bambancin kawai shi ne, amsar Gidan Dare a baki take tsayawa.

Matsayin wannan muƙala shi ne, taswirar ƙwarin ƙasar Hausa wadda za ta yi amfani wajen kare halittu ba za ta zanu a ɗakin gwaje-gwaje kaɗai ba. Kaso mai yawa na bayananta yana cikin harshe, kuma sassan nazarin Hausa na jami'o'i sun fi kowa kayan aikin tono shi.

Tun daga kalmar "ƙwaro" akwai abin lura. Masana kimiyyar halittu suna da wani babban rukuni da ya tattara halittu marasa ƙashin baya, masu ɓawo a jiki da ƙafafu gaɓa-gaɓa. Kalmar Turanci da aka saba fassarawa da "ƙwaro" ta tsaya ne ga masu ƙafa shida, ta bar kunama da gizo-gizo da kaska masu ƙafa takwas, ta bar shanshani da ƙadandoniya masu ƙafafu barkatai. Bahaushe kuwa duk ƙwari yake ce musu, wato rabonsa ya fi kusa da babban rukunin masana, idan aka ɗebe ƙaguwa da danginta na ruwa. A cikin masu ƙafa shida kaɗai, nau'o'in da aka bai wa sunan kimiyya sun kai kimanin miliyan ɗaya, ƙiyasin masana kuma shi ne ainihin yawansu ya haura miliyan biyar. Babu wani rukunin dabbobi da ya kama ƙafarsu.

A shekarar 2001 aka kafa GBIF, wata ma'ajiyar bayanan halittu ta duniya mai hedikwata a Kofenhagen ta ƙasar Denmak. Kowane ɗigo a taswirarta shaida ce cewa an ga halitta kaza a wuri kaza ranar kaza, kuma ɗigogin sun daɗe da wuce biliyan biyu. Sai dai mafi yawansu na tsuntsaye ne, mafi yawansu kuma daga Turai da Amurka ta Arewa suka fito. Wanda ya zaɓi ƙwari ya matso da taswirar kan yankin Sahel zai tarar da fili fetal, sai ɗigo jefi-jefi. Wannan fili shaida ce ta rashin marubuci, amma mai tsara manufa yana iya karanta shi a matsayin rashin halitta. A watan Disambar 2022 ƙasashen duniya suka amince a birnin Montreal cewa za a keɓe kashi 30 cikin ɗari na ƙasa da ruwa domin kare halittu kafin 2030. Zaɓen wuraren da za a keɓe da bayanai ake yin sa. Fadamar da babu ɗigo ko ɗaya a kanta ba ta da mai yi mata magana a wurin rabon.

Ba daidai ba ne a ce ba a taɓa zana taswirar ƙwari a ƙasar Hausa ba. An zana, wasu ma da ƙwarewa ƙwarai. Abin dubawa shi ne ta waɗanne ƙwari aka zana. Lokacin annobar fara da ta mamaye yawancin Afirka daga 1928 zuwa 1941, Boris Uvarov da abokan aikinsa a Landan sun riƙa tattara rahotannin da jami'an mulkin mallaka suke aikowa suna ɗora su a kan taswira wata bayan wata, har aka gano cewa tushen wannan fara yana cikin fadamun kogin Kwara a ƙasar Mali ta yanzu. A Anchau, cikin Lardin Zazzau, taswirar mazaunin ƙudan tsando ce ta ja gaban aikin da aka fara a 1937, inda aka sare kurmin bakin rafuka aka kuma gina sabon gari mai suna Takalafiya domin maganin ciwon barci. A 1954 aka fara gwajin feshin maganin sauro a ɗakunan kwana a yammacin Lardin Sakkwato, wajejen Birnin Kebbi, kuma a Ambursa ne aka gano a 1955 cewa sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro ya fara jure wa maganin dieldrin, abin da ya girgiza masana a duniya. Aikin Garki da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar tare da gwamnatin Nijeriya daga 1969 zuwa 1976, a yankin da yanzu yake cikin Jihar Jigawa, har gobe ana kafa hujja da shi. A yau ma hukumar FAO tana bin sawun farar ɗango daga Rum, cibiyar AGRHYMET kuma tana yin irin nata daga Yamai.

Fara, tsando, sauro. Duk taswirar abokan gaba ce, an zana ta ne domin a san inda za a kai farmaki. Babu mai hankalin da zai ga laifin hakan. Wanda ya taɓa ganin ɗakin yara a asibiti cikin watan Satumba ba zai nemi a sassauta wa sauro ba, kuma ɓullar wani sabon nau'insa ɗan asalin Asiya a Jihar Gombe a 2020, wanda yake jin daɗin zaman birni da ruwan tanki, ta ƙara nuna cewa wannan aiki bai ƙare ba. Illar ita ce an gaji wata ɗabi'a: ƙwaro ba ya samun shiga littafi sai ya yi ɓarna. Da aka sare kurmin rafukan Anchau, tsando ake ƙirgawa. Sauran mazauna kurmin ba su cikin lissafi.

Waɗanda aka bari a waje kuwa su ne suke riƙe da wani sashe na abinci da sana'a. Albasar da Sakkwato da Aliero suke tinƙaho da ita ba ta yin iri mai kyau sai ƙudan zuma da sauran ƙudaje sun yi wa furenta barbara. Haka kabewa da kankana. Furen duma da dare yake buɗewa, ƙwarin dare ne suke yi masa hidima, ke nan ƙwaryar fura da ludayinta suna da bashin wani ƙwaro a kansu. Gara da ake tsine wa idan ta ci azara, ita ce manoman yankin Tawa suke gayyata da taki a cikin ramukan tassa, ta huda fako ruwa ya samu hanyar shiga. Buzuzu yana binne kashin shanu ya mayar da shi taki. A Maraɗi masu bincike na cibiyar INRAN sun shafe shekaru suna kiwon wata 'yar mitsitsiyar rina, *Habrobracon hebetor*, suna sakinta a gonaki domin ta kashe tsutsar da ke cin zangarniyar gero. Rinar nan ba baƙuwa ba ce, dama tana cikin gonakin Sahel. Feshin da ba a yi da lissafi ba kuwa ba ya bambanta ta da tsutsar da take ci. Ita kanta fara fuska biyu gare ta: annoba ce a gona, haja ce a kasuwa, domin mata da yawa a Sakkwato da Maraɗi da Kano da soyayyar fara suke rufa wa kansu asiri. Mai saye kuma yana da haƙƙin sanin ko an yi feshi a dajin da aka kamo ta.

Akwai misali guda da ya kamata ya tsaya wa manazarcin al'ada a rai. Zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi a zamanin Daular Sakkwato siliki ne na daji, wanda wasu tsutsotsi suke saƙawa, kuma ya samo sunansa ne daga itaciyar da ake danganta su da ita. Colleen Kriger ta yi rubutu a kan rigunan daular tun 1988, an kuma yi nazarce-nazarce a kan ɗinki da sunayen aikin riga. Rigar ta samu masu nazari, tsutsar da ta ba da zaren ba ta samu ba. Mai son sanin dazuzzukan da ake samo ta a da, da lokacin da ta fara wuya, ga tsofaffin maɗinka da fatake zai koma, kuma da Hausa zai yi tambayar.

A nan ne aikin ya faɗo cikin gonar masu nazarin harshe. Tsirrai sun yi sa'a: J. M. Dalziel, likita a aikin gwamnatin mulkin mallaka, ya fitar da *A Hausa Botanical Vocabulary* a 1916, inda ya haɗa sunan Hausa da sunan kimiyya, kuma a kan wannan harsashi aka yi ta gini. Ƙwari ba su samu irin wannan gata ba. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 cike suke da sunayensu, sai dai sau da yawa bayanin bai wuce a ce wani nau'in fara ne ko wani irin ƙwaro ba. A ɗaya ɓangaren, jerin ƙwarin Nijeriya da J. T. Medler ya wallafa a 1980, da littafin Torben Larsen na 2005 a kan malam-buɗe-littafi na Afirka ta Yamma, da sunayen Latin suke magana. Taskoki biyu ke nan suna kallon juna babu gada. Wadda ta yi ƙoƙarin aza gadar ita ce Anne Lévy-Luxereau, da nazarinta na 1972 a kan dabbobi a idon Hausawan Nijar, da kuma wata muƙala ta 1980 a kan nau'o'in fara na yankin Maraɗi da sunayensu na Hausa. Da Faransanci ta rubuta, wanda hakan kaɗai ya isa ya nisanta aikin daga yawancin ɗaliban wannan gefe na iyaka.

Duk da haka Bargery ya bar wata dabara da ba a cika yaba masa a kanta ba. Yakan sa alama a gaban kalma ya nuna ta Sakkwato ce ko ta Katsina ko ta wani yanki. Wannan alama taswira ce a dunƙule. Kalmar ƙwaro tana ɗauke da wuri, wani lokaci ma har da mazauni da ɗabi'a. Wanda ya ce "farar tumfafiya" ya riga ya faɗi itacen da za a same ta a kai. Wanda ya ce "kuɗin cizo" ko "malam-buɗe-littafi" ya siffanta aiki da motsi. Sabbin sunaye ma suna da tarihi: da tsutsar *Tuta absoluta* ta cinye tumatirin Kano da Kaduna a 2016, manoma suka laƙaba mata "Sharon", kuma bin sawun wannan suna daga kasuwa zuwa kasuwa wata hanya ce ta bin sawun ƙwaron. Don haka ɗalibin da ya ji Basakkwace ya ce *hwara* ko *sabro* ko *ƙuje* ko *zumuwa*, ya gyara masa zuwa fara da sauro da ƙuda da zuma da sunan daidaitacciyar Hausa, ya goge rabin bayanin da hannunsa. *Sabro* da ake kawowa a aji a matsayin misalin dokar Klingenheben, a wannan aiki ɗigo ce a taswira.

Masanin kimiyya zai yi tsaiko a nan, kuma yana da hujja. Suna ba nau'i ba ne. "Fara" ta rufe nau'o'i masu yawa a ƙarƙashin kalma ɗaya. Gara da zago da shinge kuma suna iya zama 'yan gida ɗaya masu matsayi daban-daban a cikin suri, ga shi akwai masu bambanta shinge da gina, akwai masu haɗa su. Idan aka zana taswira da sunaye zalla, taswirar kalmomi za a samu, wadda za ta yi wa mai nazarin karin harshe daɗi amma ba za ta hana a fesa wa fadama guba ba. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce dalilin da ya sa dole kowane suna ya zo ɗaure da hoto ko da ƙwaron kansa a cikin kwalba, a kai wa wanda zai tantance shi, ko a Sashen Kimiyyar Halittu ko a taskar ƙwari ta Samaru a Zariya. Amma kada a manta cewa ruɗanin suna ba ciwon Bahaushe kaɗai ba ne. Kafin 1921 masana Turai suna ɗaukar fara mai yawo ita kaɗai da mai tafiya cikin runduna a matsayin nau'i biyu masu suna daban-daban, sai da Uvarov ya nuna halitta ɗaya ce take sauya kama. Inda rabon Bahaushe ya saɓa wa na ɗakin gwaje-gwaje, saɓanin kansa abin nazari ne, kuma ba kullum ne kuskuren yake gefe ɗaya ba.

Wani kuma zai ce wannan ba aikin sashen Hausa ba ne. Amsarsa tana cikin kundayen digiri da suke jere a kan kanta: ƙwari a cikin karin magana, Gizo a cikin tatsuniya, dabbobi a bakin mawaƙa. An daɗe ana nazarin ƙwaro a matsayin adon magana, ana faɗin abin da zanzaro ko gwano yake wakilta, ba tare da an tambaya ko ɗalibin da ya rubuta kundin zai gane gwano idan ya gan shi ba. Yaron da ya tashi a gidan siminti mai tagar gilashi yana iya haddace karin magana a kan buzuzu bai taɓa ganin sa yana tura kayansa ba. Idan ƙwaro ya ɓace daga unguwa, sunansa yakan saura a baki na ɗan lokaci, daga nan ya koma kalmar da sai an buɗa ƙamus, ƙamusun kuma ya ce "wani irin ƙwaro". Asarar ta harshe ce kamar yadda take ta muhalli.

Ba a buƙatar jiran wata babbar hukuma kafin a fara. Binciken da ya tayar wa duniya da hankali a 2017, wanda ya nuna cewa nauyin ƙwari masu tashi ya ragu da fiye da kashi 75 cikin ɗari a shekara 27 a wurare 63 da aka keɓe a Jamus, ya dogara ne a kan tarkunan da wata ƙungiyar masu sha'awar ƙwari ta garin Krefeld ta riƙa kafawa tun 1989, da yawansu 'yan sa-kai. Abin da suka mallaka shi ne naci: hanya ɗaya, shekara bayan shekara. A gida ma akwai abin koyi. Aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya da cibiyar APLORI ta Jos ta ƙaddamar a 2015 ya yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da kwance, matasa 'yan sa-kai suna shiga suna rubuta abin da suka gani, har da rukunin da ya ɗauki nauyin Arewa. Ƙwari sun fi tsuntsaye wuyar tantancewa, gidan kilomita 9 kuma ya yi musu faɗi. Unguwa guda ta isa mafari.

A ɗauki Gidan Dare. Ɗalibi biyu, ɗaya daga nazarin Hausa ɗaya daga kimiyyar halittu, su yi shekara guda suna zagaya wurare ƙayyadaddu: gindin fitila, bakin kwata, kangon da ba a gina ba, gindin dogon yaro, turken awaki, rumbun mai sayar da hatsi. Duk ƙwaron da aka samu a ɗauki hotonsa da waya, wadda dama takan riƙe wuri da rana. Sa'an nan a naɗi muryar mai faɗin sunan yadda ya furta shi, a rubuta shekarunsa da sana'arsa da garin da ya tashi, domin mai soya fara da mai ɗaurin amya da makiyayi da mai maganin gargajiya ba ƙwari ɗaya suka sani ba. Mata musamman kada a tsallake su. Wadda take tsince fara tana cire mata fukafuki kullum ta fi mai wucewa sanin wadda take da mai da wadda take da ɗaci. A shekara ta biyu a maimaita a fadamar Kwalkwalawa da ke kan hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a ta uku a gangara tafkin Kware. Da haka za a samu layi daga tsakiyar gari zuwa bakin ruwa, a ga abin da yake raguwa yayin da gini yake ƙaruwa.

Rashin tsaro ya rufe wa mai bincike ƙauyuka da yawa na gabashin jihar, wajejen Isa da Sabon Birni, kuma babu kundin da ya kai a jefa ran ɗalibi cikin haɗari dominsa. Sai dai mutanen waɗannan ƙauyuka da yawa suna cikin birnin Sakkwato a yau, gudun hijira ya kawo su. Manomin da ya baro gonarsa bai baro sanin farar da take sauka a kanta ba. Idan aka nuna masa hotuna zai faɗi wadda ya sani, da sunanta a garinsu, da watan da take zuwa, da shekarar da ya daina ganin ta. Irin wannan shaida ba ta kai ƙwaro a kwalba ƙarfi ba, dole a rubuta ta a matsayin abin da aka ji, amma ga wuraren da ba a iya zuwa ita kaɗai ce take samuwa, kuma masu ita tsufa suke yi.

Saura batun mallaka. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi cewa ilimin gargajiya da ya shafi albarkatun halittu ba a ɗaukar sa sai da yardar masu shi, a kuma raba amfaninsa da su. A aikace wannan yana nufin a nemi izini kafin a naɗi murya, a ambaci unguwa ko ƙauyen da bayani ya fito, kuma abin da aka tattara ya dawo gida da Hausa, cikin boko da ajami, ko ta gidan rediyo, kafin ko tare da aika shi Kofenhagen. Ribar sashen Hausa a ciki a fili take: ƙamus na ƙwari mai hoto da karin harshe da sunan kimiyya, irin wanda tsirrai suka samu tun 1916.

Abu ɗaya ne ba ya jiran tsarin zangon karatu. Shinge 'yan kwanaki yake yi a shekara, fara ta fi yawa da kaka, wasu ƙwarin kuma sai hunturu ya ja baya suke fitowa. Sashen da yake son ɗalibinsa ya tsaya ƙarƙashin fitilar mai shayi a Gidan Dare da waya a hannu daren da shinge zai tashi, sai ya amince da batun kundin ya kuma samo masa abokin aiki daga kimiyyar halittu tun cikin watan Maris ko Afrilu.